Daɓen da Baba Yunusa bai taka ba

Akwai ranar da ba ta barin raina, ranar da muka gama daɓen Baba Yunusa. A ƙarshen shekarun 1990 ne, a Madina, ina koyon aikin kafinta a hannun Mu'allim Adamu, mutumin Chadi, wanda in ya ce a'a to magana ta ƙare.

Baba Yunusa tsoho ne ɗan ƙasa, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, yana da 'yar gonar dabino wajen kwarin Ranuna, a gefen gari. Ƙafafunsa sun daina aiki, gonar kuma a kan hanyar ruwa take. Burinsa bai taka kara ya karya ba: rumfa mai daɓen katako a ɗage daga ƙasa, inda zai zauna ya ga ana yanke dabinonsa na bana.

Ga yadda aikin yake. Ana kafa ginshiƙan siminti, a daidaita kawunansu da tiyon ruwa, sannan a kwantar da manyan katakai a kansu, su ne ke ɗaukar nauyin komai. A kansu ake jera ƙanana, sai allunan da ake takawa. In manyan suka karkace, daɓen duka ya karkace.

To, katakon da aka kawo mana ɗanye ne. Mu'allim ya ƙwanƙwasa shi, ya ce a jera a inuwa sai ya bushe, don zafin Madina in ya sami ɗanyen katako a ɗaure da ƙusa, murɗe shi yake kamar igiya.

Kullum da la'asar ɗan Baba Yunusa yakan turo shi a keken guragu.

"Ya Mu'allim, yaushe?" in ji tsohon.

"Haƙuri, ya ammi, baffana. Itace bai shirya ba."

Tsohon ya yi dariya. "Itace na da lokaci. Ni ne ba ni da shi."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ja Mu'allim gefe na ce, "Mu ɗora alluna na wucin gadi, ko a lungu ɗaya ne, ya samu ya zauna."

Ya harare ni. "Kai ɗan jiya! In ɗora dattijo a kan aikin da ban yarda da shi ba? Mustahil, ba zai yiwu ba. Koma bakin zartonka."

A ƙa'idar sana'a shi ke da gaskiya, sai na koma bakin zartona.

Dabino ya nuna, aka yanke, tsohon yana hange daga bakin hanya, don keken ba ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayan nan katako ya bushe, muka ɗaure, muka jera alluna. Wallahi ban taɓa ganin daɓe mai kyansa ba. Da yamma Mu'allim ya aika a kawo Baba gobe, shi zai fara hawa.

Da safe ɗansa ne ya zo, shi kaɗai. Baba ya rasu bayan sallar asuba.

Da aka dawo daga maƙabartar Baƙi'a, a kan daɓen aka shimfiɗa wa masu ta'aziyya darduma. Ya ɗauki mutane cike, ko ƙara bai yi ba. Mu'allim yana tsaye a ƙasa, a rana.

"Hau mana, Mu'allim," in ji ɗan marigayin.

"Bar ni a nan," ya ce, yana share ido da rawaninsa.

Ku yara masu koyo, a sana'ar nan ana koya mana duba katako, ba a koya mana duba wanda ake yi wa aikin. Ku riƙa duba duka biyun. Mun yi aiki marar aibi, kuma har gobe ina baƙin cikinsa.