Takalman Kofur Tanko

Duk wanda ya zauna a Roni a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai ba ya buƙatar a gaya masa ranar fansho ta zo. Da asuba za ka ga Kawu Kofur Tanko ya fito daga zaure cikin kakinsa da ya sha guga, lambobin yaƙi uku a ƙirji, takalman soja kuma rataye a wuya, an ƙulle igiyoyinsu wuri guda. Ƙafa kuwa babu ko takalmin taya. Haka zai taka har Kazaure. Sai ya hango ƙofar ofis sannan ya zauna bisa dutse, ya kaɗe ƙafa, ya saka su. Yana fitowa ya cire abinsa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a lokacin ni ne malamin ɗakin shan magani na garin, don haka aikin cire masa ƙaya a kaina yake ƙarewa. Wata rana na gaji, na ce, "Kawu, don Allah mene ne amfanin takalmi a wuya, ƙafa tana jini?"

Ya dube ni kamar wanda ya ga sabon kurtu. Ya ce, "Kai da aka ce ka yi karatun asibiti. Wannan ƙafar, kwana nawa za ta yi ta warke?"

Na ce, "Uku ko huɗu."

Ya ce, "To takalmi fa? Ka taɓa ganin takalmi ya warke?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Kun dai san kalmarsa: "An duba, an samu daidai." Ya gama cin tuwo, an duba, an samu daidai. An kawo masa jariri ranar suna, sai ya ƙirga yatsun yaron tukuna, sannan ya miƙa wa uwar ya ce an duba, an samu daidai. Man goge takalmi kuwa bai taɓa saye ba. Baƙin tukunya yake kankarowa daga madafin matarsa, Inna Asabe, ya kwaɓa da man shanu. Man shanun kuma daga rugar Buba yake zuwa.

Wanda bai san Buba ba bai san Kawu ba. Bafulatani ne na wajen Gwiwa, dogo, marar magana, kuma shi kaɗai ne a duniya yake kiran Kawu da Tanko kai tsaye. Rana ɗaya aka ɗauke su soja, jirgi ɗaya ya kai su Burma, jirgi ɗaya ya dawo da su. Bambancinsu guda ne. Kawu ya adana littafinsa na sallama a gwangwani, cikin gwangwani, cikin akwati. Buba ya soke nasa a jinkar bukka, gara ta cinye shi tas. Tun daga nan gwamnati ta daina sanin Buba: babu fansho, babu katin asibiti. Ga shi kuma yanar ido ta rufe masa gani, har ya kai ba ya bambance saniyarsa da ta maƙwabci sai da murya. Shi Buba kunya ba za ta bar shi ya roƙi kowa ba. Kawu ne ya ɗauki abin a ka. Wasiƙun da na rubuta masa a kan Buba Gwiwa, da an tara su da sun isa shimfiɗa. Amsar kullum ɗaya ce: babu mai wannan suna. In Kawu ya faɗi lambar Buba da ka, akawu ya ce lambar baki ba ta shiga fayil.

Shi da akawun nan dai sun sha fama da juna. Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira aka fito da sabuwar doka, wai kowane tsohon soja sai ya kawo takarda daga dagacinsa mai shaida cewa yana da rai. Kawu ya isa, ya sa takalmi, ya ƙame gaban tebur.

Akawu ya ce, "Baba, ina takardar shaidar kana raye?"

Kawu ya ce, "Ga ni tsaye."

"Na gan ka, Baba. Takarda ake so."

"To wa kake magana da shi yanzu?"

Akawu ya ce shi dai doka aka ba shi. Jin kalmar doka, Kawu bai ƙara musu ba. Ya sara masa, ya fita, ya cire takalmi, ya koma Roni a ƙasa, ya karɓo takarda, washegari ya dawo. Amma dagacinmu ya shiga uku. Tun daga ranar, kowace safiya in Kawu ya je gaisuwa sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo a duba mini, yau ma ina da rai?" Dagaci ya ce, "Kana da shi, Kofur." Kawu ya ce, "An duba, an samu daidai," ya tashi ya tafi gona.

Sai katin asibitinsa. Kati ne da ke ba tsohon soja da iyalinsa magani kyauta a babban asibiti. Kawu ya ɗauka irin katin rashan ɗinsu ne na bariki, wanda ake hudawa duk karɓa har ya ƙare. Na yi bayani har bakina ya bushe.

"Kawu, wannan ba ya ƙarewa."

"Yaro, komai na gwamnati yana ƙarewa. Ni na ga inda shinkafar Sarkin Ingila ta ƙare."

Don haka zazzaɓi, ciwon baya, haƙori, duk bai kai a taɓa kati ba. Sabara da tazargade sun ishe shi. Sau ɗaya tak na ga ya fito da shi daga gwangwani, ranar da ya yanke shawarar kai Buba Kano a yi masa aikin ido. Har motar haya ya biya, abin da ya sa mutanen tasha suka tsaya kallo. Na raka su. A tagar karɓar kati, malamin da ke wurin ya duba ya ce, "Wannan katin naka ne da iyalinka. Shi wannan wane ne?"

Kawu ya ce, "Ɗan'uwana ne."

"Uwa ɗaya ko uba ɗaya?"

Na taka masa ƙafa a hankali, don kalma ɗaya ce ta rage mu shige. Amma Kawu bai iya ƙarya ba, ko ta taimako. Ya ce, "Ramin yaƙi ɗaya."

Malamin ya yi dariya, ya miƙo mana katinmu. Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Dambatta. Can Buba ya ce, "Tanko, ka bar shi haka. Na ga abin da na gani a duniya." Kawu ya ce, "Ba a sallame ka ba tukuna, rufe mini baki." Na juya in yi dariya, sai na ga idon Kawu ya cika da ƙwalla. Ranar na ji haushinsa, na kuma ji ina ƙaunarsa fiye da kullum.

Bayan damina biyu, lokacin da kuɗin mai ya fara zagayawa har ana ta buɗe sababbin ofisoshi, aka yi shela cewa wani hafsa zai zo Kazaure da manyan rajistocin soja don tantance tsofaffin sojoji. Kwana ɗaya zai yi. Kawu ya je Gwiwa da kansa ya jawo Buba da sanda, shi a gaba, Buba a baya. Ni na bi su da keke.

A bakin ofis Kawu ya zauna bisa dutsensa, ya sauke takalma daga wuya. Sai na ga ya durƙusa gaban Buba, ya kama ƙafarsa.

Buba ya ce, "Me kake yi, Tanko?"

"Wanda za a duba shi ke sa takalmi."

Haka Kofur Tanko, wanda ya yi shekara talatin bai shiga ofis ba takalmi ba, ya shiga ƙafa a ƙasa.

Hafsan wani matashin kyaftin ne, mai ladabi, amma masu ƙaryar soja sun gajiyar da shi tun safe. Ya ce, "Baba, babu littafi, babu abin da zan iya yi."

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba lamba." Ya karanto lambar Buba tiryan-tiryan.

Kyaftin ya ce, "Kai ka haddace lambar wani?"

"Shi ma ya haddace tawa. Haka muka yi alkawari a daji. Duk wanda ya rigayi ɗan'uwansa faɗuwa, na tsaye ya kai rahoto."

Kyaftin ya sa aka buɗe rajista. Aka yi ta juya shafi. Can ya ɗora yatsa, ya ɗago kai, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Lambar tana nan. Amma mai ita Buba Babura ne. Ku kun ce wannan mutumin Gwiwa ne."

Kawu ya juya ya dubi Buba. "Kai, ranar da aka ɗauke mu, da akawun Bature ya tambaye ka daga ina kake, me ka ce masa?"

Buba ya yi tunani. Ya ce, "Babura na ce."

"Don me?"

"Shanu suna can a daminar."

"Kai aka tambaya ko shanu?"

Buba ya ce, "To ina mutum yake in ba inda shanunsa suke ba?"

A bariki kuwa da lamba ake kiransu, a rami kuma Buba ne kawai, don haka shekara da shekaru muna neman mutum a Gwiwa, shi yana kwance a rajista a Babura. Kyaftin ya danne dariya, amma ya ce wannan labari kowa zai iya shirya shi. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni fili minti biyu."

Ya karɓe sandar Buba ya miƙo mini. Ya ja baya, ya buɗe murya da irin tsawar fareti, wadda ni ban taɓa sanin tana cikin ƙirjinsa ba. Jama'a, tsohon nan makaho, mai tafiya a duƙe, sai ga shi ya miƙe ƙyam. Aka ce dama, ya juya dama. Aka ce baya, ya juya baya, ya buga ƙafa a siminti har tebur ya motsa. Ya sake bugawa. A bugu na uku Kawu ya kasa daurewa, ya sauke murya ya ce, "A hankali mana, Buba, ƙasan takalmin zai cinye!"

Ofis ya kwashe da dariya, har da akawun nan na takardar rai. Kyaftin ya koma kan rajista ya ce, "An rubuta mai lambar yana da tabo a kafaɗar hagu." Buba ya zame riga. Ga tabon ƙahon bijimi nan, tun na ƙuruciya. Kyaftin ya miƙe tsaye, ya sa hularsa, ya sara wa tsofaffin nan biyu. Ya ce, "Baba Kofur, me ka gani?" Kawu ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa, murya ta ƙi fita. Akawu ne ya faɗa masa ita: an duba, an samu daidai.

Kafin kaka Buba ya sami fanshonsa da katinsa. Aka yi masa aiki a Kano, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka cire bandeji ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya ce, "Tanko, ashe haka ka tsufa?" Kawu ya ce, "Likita, a mayar masa da bandejin."

Shi kuwa Kawu, nasa katin, har ciwon ajali bai yarda an taɓa shi ba. Na roƙe shi, na yi fushi, na kawo dagaci. Ya ce, "Na ajiye wa Asabe. Ita ba ta iya shan sabara ba." Takalma kuma ya yi wasiyya a bai wa Buba, da sharaɗin kada ya riƙa yawo da su.

Mun rufe shi da hantsi. Mutane suna watsewa sai Buba ya tsaya a kan kabarin, ya miƙe ƙyam, ya karanto lambar Kawu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Sannan ya rataya takalman a wuya ya nufi hanya. Na ce, "Baba Buba, ga abinci a gida, ina za ka?"

Ya ce, "Kazaure. Ni ne na tsaye, ni zan kai rahoto."

Na bi bayansa da kallo, ƙafa a ƙasa, har duwatsu suka ɓoye shi.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da riƙon amanar da ya yi. Ranar da za a buɗe babban littafi, wanda gara ba ta ci, Allah ya sa a duba a samu daidai. Amin.