Kashin Ƙuda

Shekarar da aka fara kawo takin Bature ƙasarmu, ina da gona ɗaya tak, wadda na gada, da baki biyar a gida. Malamin gona ya zo a keke, ya ce gwaji ne, kyauta. Ya auna gonar da igiya, ya ce eka ɗaya da rabi ce, kowace eka kwano biyar. Ya yi ta ƙus-ƙus da fensir, ya yago takarda ya ba ni, ya ce in kai sito a Bagwai. Bai faɗi abin da ya rubuta ba, ni ma ban tambaya ba.

Na soke takardar a jikin zana kwana uku. Ranar tafiya na ga wani ɗigo baƙi tsakanin lambobin biyu. Na ce kashin ƙuda ne. Ba a kai wa hukuma takarda da ƙazanta. Na sa yawu da farce na kankare shi.

Mai sito ya duba takardar, ya dube ni.

"Saba'in da biyar? Baba, gandun hakimi kake nomawa?"

"Abin da malam ya rubuta ke nan."

"To, jakinka ya shiga uku."

Gero ya kai gwiwa. Na zuba wa kowane gindi cikin tafi, har buhunan suka ƙare. Sai ruwa ya ɗauke kwana goma. Ganye ya yi ja, ya naɗe, ya bushe. Na maƙwabta kore shar.

Malam ya dawo, ya tsaya a kan iyaka, ya tambaye ni nawa na zuba, na ce saba'in da biyar. Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke.

"Ɗaya da rabi sau biyar, bakwai da rabi. Ga bakwai, ga ɗigo, ga biyar. In babu ɗigon nan, abu ya ninka goma. Na sa shi kuwa?"

Kansa yake tambaya. Matata ta leƙo ta saman dangar gida.

"Malam, Allah ya isa! Takardarka za mu tuƙa mu ci?"

Malam ya hau kekensa ya tafi. Ni kuwa ban faɗi cewa ni na kankare ɗigon ba.

Dami huɗu na ɗaure a shekarar. Kafin rani ya raba na sayar da jakin, na tafi birni dako. Malam bai sake biyowa ta ƙauyenmu ba. Matata ta rasu tana zaginsa.