Gwangwanin da Ya Kama Kwamfailarmu

Ko tsufa ya ɗauke mini sunayen malamaina duka, ba zan manta da rigimar da muka yi ni da ƙawata a kan tsohuwar kwamfutata ba. Muna shekarar ƙarshe a makarantar kimiyya da ke Kaura Namoda, ni daga Zurmi, ita daga Shinkafi, aka haɗa mu aikin kammalawa. Idan muka faɗi sai maimaita shekara, kuma Innata ta riga ta ce zuciyarta ba za ta iya ɗaukar wata shekara ina bin hanyar Zurmi ba.

Abin da muka gina manhaja ce mai kwaikwayon kwamfuta, wadda ake tafiyar da wasu shirye-shirye a cikinta. Tana da kwamfaila, wato sashen da ke leƙa abubuwan da shiri ya ajiye a memori, ma'ajiyar kwamfuta, yayin da yake aiki, ya rubuta masa umarni mai sauri. Akwai kuma sashen da muke kira mai shara, wanda in wuri ya cika yake kwashe abin da aka gama da shi, ya matsa sauran gefe guda.

A sabuwar kwamfutar ƙawata komai lafiya lau. A tawa kuwa, wadda yayana ya gaji da ita ya ba ni, sai aiki ya yi nisa ya mutu.

"Ke, wanga gwangwani naki ne ba shi da lahiya," in ji ta. "Da tawa za mu nuna, magana ta ƙare."

Ni kuwa Allah ya yi ni da naci. Na ƙi. Kwana da kwanaki muna gaisawa sama-sama, har wata rana da hantsi na gano bakin zaren. Kwamfaila tana riƙe adireshin abu kai tsaye. Kafin ta gama dubawa, mai shara ya matsar da abin, ta dawo ta karanta shirme. Kwamfutar ƙawata na da wuri mai yawa, mai shara bai cika tashi ba. Tawa kuwa saboda ƙunci kullum cikin shara take.

Na ce mata, "Kin san masu tsaron babura a Kasuwar Daji? Ba ki riƙe wurin da kinka aje, don suna gusa su. Lamba suka ba ki."

Haka muka gyara. Muka hana kwamfaila taɓa komai da kanta. Lamba kawai take riƙewa, kuma duk inda mai shara ya kai abu, lambar na binsa. In tana son dubawa sai ta nemi izini, a dakatar da shara, ta kwafi abin da take bukata ta fita. Sai dai saurin ya ɗan ragu, kuma saurin nan shi ne abin taƙamarmu. Ƙawata har da hawaye.

"Kin kashe muna aiki saboda gwangwani," ta ce. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don ni ma tsoro nake ji.

Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ko kallon zanen saurinmu bai yi ba. Ya jawo sabuwar kwamfutar, ya rage memorin da manhajar za ta samu har ya kusa ƙarewa, ya danna, ya harɗe hannu. Ashe haka yake yi wa kowa. Na ji ƙawata ta damƙe mini yatsu. Mai shara ya yi ta tashi, shirin ya yi ta tafiya har ya kai ƙarshe.

"'Yan mata, ya aka yi kuka san kwamfaila za ta iya karanto shirme in an matsar da abu?"

Kafin in buɗe baki ƙawata ta nuna ni ta ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar wagga ce ta gwada muna."

Da muka fito ta karɓi gwangwanin, ta goge shi da bakin hijabinta, ta ce ko an taya kar in sayar. Na buga wa Inna waya na ce ta daina ƙirga mini hanya, ina dawowa gaba ɗaya. Tun daga ranar, duk abin da na gina ba na yarda da shi don ya yi aiki cikin yalwa. Sai na matse shi tukuna na ga yadda zai yi.