Madam Tahani da Tulu Mai Suna Uku

Madam Tahani Shukri ba ta iya zama ba. Tun daga unguwar Shubra ta Alƙahira, a taragon mata na jirgin ƙasa, tsaye take tafiya ko da kujera a gabanta, kunne a buɗe, ɗan littafi a hannu, tana rubuta sunayen da mata ke kiran kayan da suka sayo. Kafin shayinta ya huce a ofishin kasuwar intanet ɗin da take wa aiki, ta riga ta buɗo jerin kalmomin da masu saye suka nema jiya aka ce musu babu. Shekara goma sha huɗu tana yaƙi da wannan "babu", mu kuwa muna danna waya kaya su fito, muna yaba wa na'ura.

Abokan aikinta har yau suna ba da labarin Amm Haridi, maginin tukwane daga Ƙina, can kudancin ƙasar. Ƴarsa ta ɗora masa hotunan tuluna a kasuwar, wata huɗu ko mutum ɗaya bai taya ba. Ya bugo waya ya ce in wata ya ƙare a haka, zai kashe wutar gashin tukwanen da ya gada tun kakansa, ya zo Alƙahira neman gadi.

Ustaz Medhat na sashen talla ne ya ɗauka. "Alhaji, ka sayi talla kawai, mu ɗora ka saman shafi."

Madam Tahani, da ke kai da komo a bayansa, ta karɓe wayar. "Amm Haridi, me kake kiran abin nan?"

"Ƴata, ke ba ki shan ruwa ne? Golla mana."

Nan ta gano bakin zaren. Ƴar ta rubuta sunan da haruffan boko yadda mutanen kudu ke faɗa. Mutanen Alƙahira kuwa haɗiye harafin farko suke yi, su ce olla. Matasa kuma lamba biyu suke liƙawa a gaba, su rubuta 2olla. Mai tulu na kira, mai ƙishi na kira, ba wanda ke jin wani.

Medhat ya taɓe baki. "Madam, tulu dai tulu ne."

"To daga yau Mahmud zan riƙa kiranka, mu ga ko za ka waiwayo."

Ta haɗa sunayen uku a na'urar bincike, wanda ya rubuta ɗaya ya ga duka. Sai ta kasa sukuni. Kwana tara tana leƙa shafin Amm Haridi kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Rana ta goma wata mata a Giza ta sayi biyu. Da zafi ya kama, sai da tsohon ya ƙara gasa wasu tuluna.

Ke ce, Madam Tahani, mai haɗa mai nema da abin nemansa. Irin Amm Haridi nawa kika tsamo, ke ma ba ki ƙirga ba. Ina jin haushi in na tuna hoton masu talla ake maƙalawa a bango, naki ko a kan ƙofa babu.

Alhamis ɗin nan ta ajiye aiki. Manya sun ce na'ura ta koyi komai. Ita dai ta ce, "Allah ya sa, amma ban taɓa ganinta a taragon mata ba."

Ranar ce Amm Haridi ya iso da tulu naɗe a bargo. Shekara uku bai san sunanta ba. Ya ce da mai tarbar baƙi yana neman matar nan mai yawan tambaya. Ta duba jerin ma'aikata sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, babu."

"Wadda ta gyara mini golla fa?"

Madam Tahani na saukowa daga bene da jakarta. Kalmar ta tsayar da ita cak. Ta karɓi tulun, ta ga sunayen nan uku a zane a wuyansa tun yumɓun na ɗanye. A gaban kowa ta nemi kujera ta zauna, idonta ya cika.

Mun gode, Madam. Masu tasowa a wannan aiki, kafin ku sayar wa mutum talla, ku tambaye shi me yake kiran kayansa. Wanda kuma zai neme ta, kada a sake ce masa babu. Sunanta Tahani Shukri.