Tandar Waina Ta Ceci Gidana

'Yan ajinmu, yau tandar waina ta hana a sayar mini da gida!

Ɗazu da hantsi Sabo, ƙanin marigayi mijina, ya faɗo gidana a Rafin Guza da wani mai saye. Tun ranar sadakar uku ya ɗauke takardar gidan, wai zai adana mana. Yau ya murje ido ya ce babu wata takarda, gidan babansu ne!

Na ce, "Sabo, ka ji tsoron Allah, ina da hotonta."

Wuf ya fizge wayata, ya goge duk hoton da ya ga rubutu a jiki. Da ya iso kan hoton tandata sai ya tuntsire da dariya. "Matar yaya, ke da kika koyi abacada da furfura, ko wannan ce shaidar taki?"

Na ce ita ce. Muka ɗunguma gidan mai unguwa.

Kun tuna darasin Malama Rabi, yadda ake kulle takarda da kalmar sirri a cusa ta cikin hoto? To, haka na yi da hoton takardar gidan tun kafin Sabo ya ɗauke ta. A gabansu na karɓi wayata, na zaɓi hoton tandar, na danna kalmata. Sai ga takarda ta fito, da sunan marigayi, da sa hannun shaidu, har da na Sabo!

Mai unguwa ya dubi Sabo ya ce, "Wannan hannun wa ne?" Mai saye ya lalubi takalmansa.

Na ce wa Sabo, "Gobe ka dawo mini da ta asalin. Furfurar nan da kake rainawa, makaranta ta je!"