Ranar da Shafina Ya Kori Shugaba

Shekarar da na koyi haɗa shafin intanet, Sabon Gari ta yi mini kaɗan. Ko shayi zan sha sai na aza ordinatar, wato kwamfuta, bisa benci don kowa ya gani. Da ƙungiyar manoman Jiratawa ta ba ni aikin shafin da zai nuna ranar ban ruwan kowa, na rantse wa shugabansu ko aljani sai ya yi sallama kafin ya shiga.

Ƙofa kam na yi ta: suna, lambar sirri, har da hoton makulli. Shafukan ciki ne na manta. Duk mai adireshinsu kai tsaye yake faɗawa. Ƙofar ƙarfe tsaye a fili, babu katanga!

Wa ya gano? Taubashina na Tsibiri, ɗan gwaggona, wanda al'ada ta ba lasisin tsokanata. Ni da hannuna na tura masa adireshin don burga. Ya share sunan shugaba, ya rubuta sunan nasa jakin, ruwa kwana bakwai a mako. Zogalen shugaba ya yi kwana biyu yana azumi.

Shugaba ya kira ni. "Ɗana, ka gyara kafin Juma'a, ko mu koma ga allo da alli."

Na sa wa kowane shafi mai gadi. In bai san ka ba, ya tasa ƙeyarka zuwa bakin ƙofa.

Juma'a bayan masallaci, gaban manoma, na miƙa wa taubashin waya.

"Bisimilla, bawana, shiga."

Ya danna, fit, ƙofa. Ya sake, ƙofa. Wallahi ya kai sau dubu! Ni kuwa ina ta rawa, hulata har ta faɗa magudanar ruwa.

Sai shugaba ya karɓa zai duba ranarsa. Fit, ƙofa! Takardar lambarsa na cikin rigar da aka kai wanki. Rawata ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Har ni?"

"Baba, bai san shugaba ba, lamba ya sani."

Ya dube ni, ya dubi wayar, ya fashe da dariya.

"Abin da ya kore ni ba zai ƙyale jaki ba. A bar shi!"

Taubashin har yau yana neman wa jakin lamba.