Madam Ngozi da Ƙudajenta

Da safen nan labari ya iso ni: Madam Ngozi ta rasu. Har yanzu ban iya karyawa ba.

A 1988 aka turo ni Kafanchan koyarwa, ban san kowa ba. Ita ke koyar da bayoloji. 'Yar ma'aikacin reluwe ce, a garin aka haife ta. Ranar farko ta ga ina zaune ni kaɗai a ofishin malamai, ta raba doyarta biyu ta miƙo mini.

A bayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya take ajiye kwalabe, kowace da ayaba a ciki, an toshe bakin da auduga. Ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro take kiwo. Malamai suna kiranta Madam Ƙuda, ba mai shiga wurin.

Wata rana ta ce, "Malam Bitrus, zo ka gani." Na leƙa maikroskop, madubin nan mai ƙara girman abu, sai ga fiffiken ƙuda cike da gashi, duk sun kwanta gefe guda.

Ta ce, "Kowace ƙwayar halitta gashi ɗaya take fitarwa. Ba ido, ba kai. To wa ya gaya mata ina ne gaba, ina ne baya?"

Tana da wasu ƙudajen da malaminta na jami'a ya aiko mata, gashinsu a hargitse. Ta haɗa su da masu lafiya. 'Ya'yan suka fito daidai, amma hargitsin ya dawo a wasu jikokin. Ranar har rawa ta yi, ni kaɗai na gani.

An ba ta gurbin karatu a ƙasar waje a kan wannan aikin. Lokacin ne babanta ya samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yan'uwanta duk sun koma kudu, ta zauna jinyarsa. Ba ta sake zancen ba.

A 1995 aka canja ni zuwa Manchok. Ta rako ni tasha, ta ce, "Yanzu wa zan nuna wa?" Na yi dariya, na ce zan riƙa zuwa.

Manchok ba nisa. Ban je ba, ko sau ɗaya.

An ce a ɗakinta maƙwabciya ta same ta, mutum kaɗan ne suka san tana ciwo.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta hutawa, ni kuma ya gafarta mini. Wanda duk ya karanta wannan, ko bai san ta ba, don Allah ya ambaci sunanta a addu'arsa yau.